Neman kalma: inzayim mai sarrafa abinci da ke shiga gyaran DNA

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ana neman sunan Hausa ga inzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, wanda aka sani da sarrafa abinci, amma yana da wani aikin daban a cikin ƙwayar halitta. Sunan Turanci da masaniyar kimiyya Constance Jeffery ta raɗa wa irinsu a 1999, "moonlighting", yana nufin wanda ke kama wani aiki bayan ya tashi daga na rana. Na ga an rubuta "mai aikin dare". Ya zauna?

Malamar bayokemistiri: Wa alaikumus salam. Bai zauna ba, Malam. A kunnen Bahaushe mai aikin dare ɓarawo ne ko maigadi, kuma babu ruwan abin da dare. Mu ɗauki inzayim ɗin fumares. A cikin maitokondiriya, sashen ƙwayar halitta mai samar da kuzari, yana ƙara wa sinadarin fumaret ruwa ya zama malet, mataki ɗaya a zagayen Krebs da ke fitar da kuzari daga abinci. Ƙwayar gado guda, FH, ita ke samar da na maitokondiriya da wanda ke zaune a wajenta. Idan igiyoyin DNA biyu suka tsinke tare, na wajen ne ke shiga cibiyar ƙwayar halitta. An nuna haka a 2010 a Jami'ar Hibru ta Kudus. A 2015 aka gano matakan: inzayim ɗin DNA-PK na liƙa wa fumares fosfet a gurbi na 236 na jerin tubalansa, fumares ya kama histon H2A.Z (histon furotin ne da DNA ke naɗewa a kai) a bakin tsinkar, ya samar da fumaret a nan. Fumaret ɗin na danne KDM2B, inzayim mai goge alamar metil, sai alamar metil ta zauna a kan histon H3, masu ɗinki su taru su haɗe bakin igiyar.

Likitan ƙoda: To ranki ya daɗe, tunda wuri yake canjawa, me zai hana "ɗan ci-rani"? Manomi ne da ya bar gona ya tafi nema wani gari.

Malamar bayokemistiri: Ya yi wa fumares kyau, Dakta, amma ba zai ɗauke su duka ba. A idon agwagwa, inzayim ɗin LDH mai sarrafa abinci ɗaya ne daga tubalan gilashin ido, bai tafi ko'ina ba. Kuma ci-rani lokacinsa sananne ne, wannan kuwa ɓarna ce ke kiransa.

Likitan ƙoda: Na yarda. Sai dai kada sunan ya sa a raina aikin na biyu, domin a nan cutar take. Tun 2002 aka san wanda ya gaji FH ɗaya mai lahani, idan ɗayar ta lalace a wata ƙwayar halitta, fumaret zai taru ya yi yawa. Sai a ga ƙarin mahaifa tun da ƙuruciya, da ƙullutai masu zafi a fata, wasu kuma sankarar ƙoda. Wannan sankarar na yaɗuwa tun tana ƙarama, shi ya sa ba a jiran ta kai santimita 3 kamar yadda ake yi a cutar VHL, wata cutar gado mai jawo ƙarin ƙoda, cirewa ake yi. Fumaret kaɗan a bakin tsinka gyara ne. Idan ya mamaye ko'ina, yana danne KDM4B, wani mai goge metil, alamar da masu gyara ke bi ta ɓace. Dalilin da ake gwada magunguna irin olaparib, masu toshe wata hanyar gyaran DNA, a kan waɗannan ƙarin ke nan. Don haka ban son a kira shi "aikin gefe".

Mai fassara: To "mai sana'a biyu" fa? Bai fifita ɗaya ba.

Malamar bayokemistiri: Shi na zaɓa. Sharaɗi ɗaya: furotin guda ne ke yin biyun, ba ƙwayoyin gado biyu da suka haɗe ba. A rubuta "inzayim mai sana'a biyu", jam'i "masu sana'a biyu", ko da ayyukan sun wuce biyu kamar na inzayim ɗin GAPDH. Shigar fumares cibiya idan an samu tsinka kuwa, a ce ya kai ɗauki.

Mai fassara: An gama. Allah ya ƙara basira.