Likita ya ce ina da ciwon suga, kwana tara ke nan ban yi barcin kirki ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 46. Wata uku ke nan ina fama da ƙishirwa da yawan fitsari, cikin dare sai in tashi sau huɗu, ga rama ba gaira ba dalili. Na ɗauka gajiyar aiki ce. Da na je asibiti aka ɗebi jinina da safe kafin in karya, ya nuna 11.3, wani gwajin kuma da suke kira HbA1c ya nuna 8.9. Likita ya ce ciwon suga ne nau'i na biyu, ya rubuta min metformin. Wallahi rabin bayaninsa ban ji ba, domin da wannan ciwon mahaifina ya rasu, bayan an yanke masa ƙafa. Tun ranar sau ɗaya nake cin abinci, shi ma ɗan kaɗan. Ga jiri, ga maganin yana murɗa min ciki. Ko mai ɗakina ban faɗa wa ba. Don Allah ta ina zan fara?

Wata ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya ba da lafiya. Ka fara da daina horar da kanka da yunwa. Murɗar cikin nan sananniya ce ga metformin a makonnin farko, kuma shan sa a kan cikin da babu komai yana ƙara ta. Ka riƙa sha tare da abinci. Idan ba ta lafa ba ka koma wurin likitan, yana iya rage maka awo ko ya ba ka irin wanda ke narkewa sannu a hankali.

Bari in fassara maka lambobin, don sanin su yana rage tsoro. Gwajin safe idan ya kai 7.0 ana cewa akwai ciwon. Wasu na'urori da wani ma'auni suke nuna shi, inda 7.0 ɗin ke zama 126, don haka kada ka firgita idan ka ga adadi mai yawa, ka raba shi da 18 kawai. Shi kuwa HbA1c yana nuna yadda sugan ya kasance a cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Daga 6.5 ake tabbatar da ciwon, kuma ga yawancin mutane ana so a sauko da shi ƙasa da 7. Naka 8.9 ya hau, amma mun sha ganin wanda ya fi shi ya sauko. A nau'i na biyu jiki yana samar da insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, sai dai ba ya jin maganarsa yadda ya kamata, shi ya sa sugan ke taruwa a jini har ƙoda ta riƙa zubar da shi ta fitsari. Fitsarin da ƙishirwar da ramar duk daga nan suke.

Wani dattijo:

Ƙanena, shekara 14 ina tare da shi, ƙafafuna biyu suna nan, ina karatu da idona. Ƙafa ba rana ɗaya take tafiya ba. Suga mai yawa na shekaru ne ke kashe jijiyoyi, har mutum ya taka ƙusa bai ji ba, ciwon ya zama gyambo. Ni kullum da dare sai na duba tafin ƙafata da tsakanin yatsu, ba na yawo ba takalmi, kuma ko ƙaramin rauni ne ba na barin sa ya kwana biyu ban nuna shi ba. Sau ɗaya a shekara ana duba min ido da ƙoda. Kuskurena ɗaya, a shekarar farko da na ga lamba ta yi kyau sai na ajiye magani, na ce na warke. Wata biyu tsakani na koma gidan jiya. Kada ka yi irin tawa.

Wani ɗan uwa:

Akwai wani jiƙo da aka ce yana kawar da shi gaba ɗaya cikin kwana arba'in. Ka gwada, in ya so ka huta da ƙwayoyi.

Ma'aikaciyar jinyar:

Ɗan uwa, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma a'a. Ba a san awonsa ba, ba a san abin da zai yi wa ƙoda ba, kuma duk abin da zai sa shi ajiye maganinsa haɗari ne. Abin da aka tabbatar shi ne tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako, wato rabin awa kwana biyar, da rage ƙiba ga mai ita, ko da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne na nauyinsa. Abinci kuma sau uku, a rage mai sitaci, a ƙara ganye, a bar abin sha mai zaƙi. Ba a ce a daina ci ba.

Wata uwa:

Ni maganar ɓoye wa iyalinka ce ta tsaya min a rai. Maigidana ma haka ya yi, sai da na tsinci kwalin magani a aljihunsa. Na ji zafi ƙwarai. Haba Malam, wadda ke dafa maka abinci ita za ka ɓoye wa? Ban da haka, idan wata rana aka ƙara maka wani magani ko allurar insulin, suga na iya faɗuwa ƙasa da 3.9, ka ga mutum yana gumi yana karkarwa, magana tana harɗewa. A lokacin sukarin da kake gudu shi ne magani, kamar giram 15, a sake gwadawa bayan minti 15. Idan ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake yi da shi. Wa zai yi maka wannan in ba ta sani ba?

Mai tambayar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na faɗa mata. Ta yi kuka, sannan ta yi min faɗa, ta ce ashe shi ya sa nake ture kwano. Yau na karya kafin in sha maganin, cikin ya yi sauƙi. Ranar komawa tare za mu je, ita ce za ta riƙe takardar tambayoyin. Baba, wane lokaci kake gwada naka a gida, da safe kaɗai ko har bayan cin abinci?