Asbestos, me za mu kira shi da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Yau kalma na zo nema, abu ne ya faru a gidanmu makon jiya da har yanzu bai bar raina ba.

Tsohon gidan da mahaifinmu ya bari muka tashi gyarawa, damina ta ɓata silin ɗin ɗakuna biyu ya yi baƙi ya fara lotsawa. Na shigo da rana na tarar da kafinta da yaransa biyu suna farfasa shi da guduma, ƙura ta turnuƙe ɗakin, ƙaramin cikinsu ma shara yake da tsintsiya hanci a buɗe. Na ce malam dakata, wannan fa asbestos ne. Ya ce eh mana Alhaji, silin asbesto ne, ai shi ya sa za mu cire mu sa na zamani. Nan na gane ni da shi ba magana ɗaya muke ba. Ni guba nake nufi, shi kuma sunan kaya ya ji, kamar a ce kwano ko katako.

To kun ga matsalar. Kalmar mun riga mun aro ta, amma ta zauna a kan allon silin, har sabon allo da babu abin a cikinsa ma asbesto ake ce masa a kasuwa. In ka ce wa mutum a kula akwai asbesto, ba ka faɗa masa komai ba.

Shi abin asalinsa dutse ne ake haƙowa daga ƙasa, amma in an fasa sai ya warware sili-sili kamar zare, wuta ba ta cin sa, zafi ba ya ratsa shi, shi ya sa aka riƙa kwaɓa shi da siminti ana yin rufi da silin da bututun ruwa, har birkin mota an sa. Muddin allon yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka fasa ko aka huda ko aka yanka da zarto, silin zaren da ido ba ya gani sai su tashi cikin iska, mutum ya shaƙa su maƙale a huhu, kuma ba tari za ka yi gobe ba balle ka gane, sai bayan shekara 20, 30, wani har 40 ciwon ya fito, ko huhu ya ƙandare numfashi ya gagara, ko kansar huhu, ko kansar fatar da ta lulluɓe huhun. Kisan mummuƙe kenan. Yaron nan mai tsintsiya bai fi shekara 15 ba, shi nake ta tunawa.

A ƙasashen da suka sha wuyarsa doka ce ta faɗi lokacin da mai gini zai yi gwaji. Shi asbestos ɗin kala-kala ne, Ingila ta hana shuɗi da mai ruwan ƙasa a 1985, ta hana farin a 1999, don haka duk ginin da aka yi kafin 2000 ana ɗaukar yana iya ƙunsar sa, kuma kafin a rushe ko a yi babban gyara sai an bincika. Makaranta da ofis da asibiti kuwa ko ba gyara za a yi ba, wajibi ne mai kula da ginin ya san inda abin yake ya rubuta. Faransa ta hana shi a 1997, gidan da aka ba izinin ginawa kafin 1 ga Yuli 1997 ba ka sayar da shi sai da takardar binciken. Amurka sai a 2024 ta sanar da hana farin. Gwajin kansa ba na ido ba ne, ko injiniya ba zai kalli allo ya rantse ba, ɗan ɓalli ake ɗauka a jiƙe a rufe a leda a kai ɗakin gwaji a duba da madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Mu a nan ko ba a kai ga gwaji ba, a ce dai magini ya san kada ya fasa tsohon silin a bushe, kuma ba zai sani ba sai an faɗa masa da kalmar da zai ji a jikinsa.

Tun ranar da abin ya faru na jefa muku tambayar sunan da za mu ba shi a zauren nan, ga abin da kuka kawo.

Wani ƙanina ya ce gagara-wuta. Ƙanina, kalmar ta yi daɗin baki kuma ka yi kusa da asali, don sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa abin da ba a iya kashewa, irin kashewar da ake yi wa wuta. Amma ka saurare ta da kyau, kirari ce. In mai shago ya ce wa mai saye wannan silin gagara-wuta ne wallahi ƙara kuɗi zai yi ya saya. Na ajiye ta gefe.

Malam na Damagaram ya ce su can amiyant suke ji a bakin masu Faransanci. Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Sai dai in muka ɗauke ta, na Kano ba zai gane ba, in muka bar asbesto na Maraɗi ba zai gane ba, gara mu samu wadda za ta tsallaka iyaka da ƙafarta.

Wani Ustaz ya tuna mana Larabawa na ce masa alharinin dutse. Gaskiya ne Ustaz, amma alharini a kunnen Bahaushe kayan ado ne, kayan sarauta, babu mai jin tsoron alharini.

Ni da kaina zaren dutse na fara kawowa, kuma na so ta sosai, sai wata Hajiya ta ce ita da ta ji, zaren da ake shirya duwatsun wuya da shi ne ya zo mata. Hajiya kin yi gaskiya, ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma in mata a cikin gida suka ji haka to kalmar ta faɗi, don su ne ke share ƙurar bayan masu aiki sun tafi, su ne kuma ke wanke kayan aikin mazajensu. An samu mata a ƙasashen waje da suka kamu da ciwon ta hanyar wankin kayan miji kawai.

Wadda ta tsaya min a rai ita ce audugar dutse, wani dattijo magini ne ya kawo ta. Baba ya ce duk wanda ya tashi kusa da bishiyar rimi ya san yadda audugarta ke yi in kwanson ya fashe, ta bi iska ta shiga ɗaki ta shiga hanci ba ka san lokacin ba. To haka wannan ma yake, sai dai nasa ba a gani. Baba Allah ya saka da alheri, wannan bayanin ko yaro zai ɗauka. Kuma ba mu kaɗai ba, sunan da Sinawa ke kiran sa da shi ma ma'anarsa audugar dutse ne.

Wani injiniya ya ja hankalina cewa akwai wani abin daban da ake narka dutse a yi, mai kama da ulu, ana cusa shi a bango don tare zafi, kada a haɗa su. Yallaɓai ai Hausa ta raba mana gardama, wancan ulun dutse, wannan audugar dutse.

Na gwada ta a baki in ji ko za ta zauna. Wannan silin akwai audugar dutse a ciki, kada ka fasa. A yi gwajin audugar dutse kafin a rushe ajin nan. Ƙurar audugar dutse ce ta kama masa huhu. Duk sun tafi daidai ba tuntuɓe. Allon kuma a bar masa sunansa na kasuwa, silin asbesto, sai mu riƙa tambaya, mai audugar dutse ne ko marar ita.

Jiya na koma gidan na gwada ta a kan kafintan. Ya yi shiru, sannan ya ce to Alhaji audugar tana ina, ban gan ta ba. Na ɗauko ɓallin da ya faɗi na jiƙa shi na nuna masa bakin inda ya karye, ɗan gashi-gashin da ke fitowa, na ce masa ban da tabbas sai an gwada, amma wanda ke kisa ya fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Mun tsayar da aikin, mun yayyafa ruwa mun kwashe tarkacen a buhu biyu-biyu mun ɗaure, ɗaki na biyun da ba a taɓa ba mun rufe shi tukuna.

Saura sunan ciwon. Ciwon audugar dutse zai ishe mu ga ƙandarewar huhun, ko sai an raba shi da kansar? Likitocin da ke cikinmu, don Allah ku shigo.