Ganyen lemuna ya koma rawaya, wa ya taɓa gani?

Mai lambu a Wudil:
Assalamu alaikum jama'a. Lemun zaƙina ne ya hana ni sukuni bana. Sabon tofo yana fitowa ƙanana sirara, a cure a bakin reshe, tsakanin jijiyoyin ya yi rawaya, su kuwa jijiyoyin kore shar. Na zuba takin yuriya, na bi da takin NPK, ko gezau. Don Allah wanda ya taɓa gani ya taimaka.

Dattijo daga Zariya:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, dakata da yuriyar nan tukuna. Haka nawa suka yi, malamin gona ya zo ya duba ya ce ƙarancin zinki ne, wani ma'adini da bishiya ke buƙata. Babu zinki a NPK na yau da kullum, kuma yawan fosfet ɗin da ke cikinsa ma yana rage wa saiwa ɗaukar zinkin. Hodar zinki salfet muka dama a ruwa, muka fesa da yamma lokacin da tofo ke buɗewa. Ganyen da ya riga ya ƙanƙance bai ƙara girma ba, amma tofon da ya biyo baya ya fito da faɗinsa.

Uwargida daga Maraɗi:
Nawa lemun tsami ne a tsakar gida. Tofonsa ya yi fari fat, sai siraran jijiyoyi kore kamar raga. Ashe tokar murhu da ruwan wanki da yara ke juyewa a gindinsa ne. Aka ce mini sinadarin ƙarfe da bishiya ke buƙata na nan a ƙasar, tokar ce ta ɗaure shi. Na hana, na kawo ruɓaɓɓen takin shanu, a hankali ya farfaɗo.

Malamar ilimin tsirrai, Kano:
Baba da Hajiya duk sun yi daidai. A cikin ganye akwai sinadaran da ake kira enzayim, su ke tafiyar da aikin haɗa abinci, kuma da yawansu ba sa aiki sai da ɗan ma'adini. Ɗaya daga cikinsu, kabonik anhaidires, da zinki yake aiki. Zinki na yin ƙasa, aikinsa ya ja baya. Wasu biyu, katales da feroksides, kuma ƙarfe suke buƙata. Tun a shekarun 1960 wani masani mai suna Bar-Akiva ya nuna a Isra'ila cewa aikin feroksides a ganyen lemu yana raguwa idan ƙarfe ya yi ƙaranci, yana ƙaruwa idan ma'adinin manganis ne babu. Da haka ake rarrabe ƙarancin ƙarfe da na manganis, don a ido sun yi kama ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne yadda duk rawaya muke ruga mata da yuriya. A fara duba wane ganye ne. Ƙarfe da zinki a sabon tofo suke nunawa, don bishiya ba ta iya kwaso su daga tsohon ganye. Magniziyam kuwa tana kwasowa, shi ya sa tsohon ganye ke fara rawaya, sai ɗan kore mai tsini ya rage wajen gindinsa.

Mai sarin lemu a Gboko:
Malama, a ƙara da cutar girinin, wadda wani ƙaramin ƙwaro ke yaɗawa. Na ga gonar da aka yi ta feshin zinki a banza, 'ya'yan ƙanana a karkace, ga ɗaci. Ɗan'uwa, ninke ganyen a kan jijiyar tsakiya. Idan tabon hagu da na dama ba su dace ba, a kira malamin gona da wuri.

Mai lambu a Wudil:
Na ninke, gefe biyun iri ɗaya ne. Allah Ya saka muku da alheri. Baba, hodar nawa kuka zuba a tankin feshi?