Manhajata ta ches tana ba da sarauniya a banza, ina matsalar take?

Sabon Shiga:
Salamu alaikum. Ina rubuta manhajar buga ches da Python, tsarin negamaks (binciken da kowane ɓangare ke zaɓar motsin da ya fi masa riba) da alfa-beta (dabarar yanke rassan binciken da ba su da amfani), zurfin motsi 4, wato tana hango motsi huɗu gaba. Ƙimar kaya: soja 100, doki 320, bishof 330, hasumiya 500, sarauniya 900. Matsala biyu ce. Sai ta sa sarauniya ta ci sojan da wani soja ke gadi, nan take a cinye mata ita. Sannan kowane motsi yana cin kusan minti ɗaya. Don Allah a duba mini.

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. Mai yiwuwa bincikenka yana tsayawa ne ana tsakiyar musayar kaya. Idan cin sojan ya faɗo a motsi na 4, manhajar za ta ƙirga ribar 100 ta rufe littafi, ba ta ga ramuwar da ke tafe a na 5 ba. Ƙara zurfi ba ya magani, iyakar kawai ka matsar gaba.

Idan zurfin da ya rage ya kai sifili, kada ka dawo da ƙima kai tsaye. Kira wani ƙaramin bincike da ke bin cin kaya da ɗaga soja zuwa sarauniya kaɗai, har allo ya lafa. A cikinsa fara auna matsayin yadda yake. In ya kai beta (iyakar da abokin hamayya ba zai bari ka kai ba) ka dawo, in ya fi alfa (mafi kyawun ƙimar da ka riga ka samu) ya zama sabon alfa, sannan ka gwada ciye-ciyen. Amma in ana barazana ga sarki, babu zaɓin tsayawa, dole a gwada duk hanyoyin kuɓuta.

Tsohon Hannu:
Malam Mai Lissafi, wannan binciken dole ne a saka shi, amma ba na jin shi ne ciwon nan. Ya ce nan take ake cinye sarauniyar, wato ci a motsi na 1, ramuwa a na 2. Zurfin 4 ya isa ya gan ta. Kuskure ne a rubutun.

Ɗan'uwa, da farare abin ke faruwa ko da baƙaƙe? A negamaks dole ƙima ta fito ta fuskar wanda ke da motsi. In kullum ƙimar farare a cire ta baƙaƙe kake dawowa da ita, a zurfin 4 za ta yi daidai da farare, amma da baƙaƙe asara za ta riƙa nema da gangan. Ninka ƙimar da -1 idan baƙi ke da motsi.

Ko da wannan ne, yi perft kafin komai, wato ƙirga duk matsayin da ake kaiwa daga farkon wasa. Zurfi 1 zuwa 5 dole su ba ka 20, 400, 8902, 197281, 4865609. Ko ɗaya ya kauce, akwai ɓaraka. Inda aka fi faɗawa: mantawa a mayar da haƙƙin kasilin (motsin sarki da hasumiya tare) bayan janye motsi, barin sarki ya yi kasilin ta gidan da ake hari, da cin soja a wuce (cin sojan da ya yi taki biyu ya gifta naka) wanda ke buɗe wa sarkinka hari ta layin kwance. Farkon wasa ba ya kai ga kasilin a wannan zurfin, don haka gwada matsayin da ake kira Kiwipete, zurfi 1 zuwa 3: 48, 2039, 97862. A manhajar ches ta Stockfish rubuta go perft 3, zai raba maka adadin motsi-motsi, sai ka bi reshen da ya saɓa da naka.

Sabon Shiga:
Da baƙaƙe ne kaɗai! Na gyara, ta daina. Allah ya saka da alheri. Saura jinkirin.

'Yar Kwamfuta:
Jinkirin daga jeren motsi yake. A tsakiyar wasa motsi kusan 35 ake samu, zurfin 4 ya kai matsayi miliyan ɗaya da rabi. In mafi kyawun motsi ne kullum a gaba, alfa-beta na iya sauko da shi kusan 2,500. In jeren ya zo a hargitse, kaɗan za ta yanke.

Fara da ciye-ciye, babban kaya da ƙaramin maci a gaba: soja ya ci sarauniya kafin sarauniya ta ci soja. Sannan ka riƙa zurfafawa sannu-sannu, 1, 2, 3, 4, kana sa motsin da ya fi kyau a zagayen baya a farko. Kamar ɓata lokaci ne, amma ya fi sauri. Kuma in kana kwafe allo duka a kowane motsi, daina; yi motsin ka janye shi a kan allo guda.

Wani abu da zai cije ka nan gaba: ƙimar kashe sarki ta zama -30000 haɗe da yawan motsin da aka yi daga farkon binciken, in ba haka ba za ta ga kisa a motsi biyu ta yi ta kewaye-kewaye. In kuma babu motsi kuma ba a barazana ga sarki, canjaras ne, dawo da 0.