Wai Masar ta fi Kwatano da Accra arha? Muhawarar da tambayar Baban Walida ta tayar

Baban Walida: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Shekara biyu ke nan muna adashi a makarantar da nake koyarwa, kuma kwasata ta zo. Tun muna ango da amarya na yi wa maiɗakina alkawarin zan kai ta ta ga wata ƙasa, ga shi har Walida ta shiga aji uku ban cika ba. Kwana bakwai zuwa goma muke so, a dogon hutu, kuma daga Kano za mu tashi. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Na duba intanet, duk inda aka jera ƙasashe masu arha sai in ga Nefal, Biyetnam, Indonesiya, Indiya da Masar. Wanda ya taɓa fita ya taimaka min.

Ɗalibin Azhar: Wa'alaikumus salam Malam. Kada ka wahalar da kanka, Masar ce. Shekarata huɗu a Alƙahira, kuma zan faɗa da babbar murya: zaman Masar ya fi na Kwatano da Accra arha. Da safe ka tsaya wajen mai amalanken ful, ya zuba maka dafaffen wake da mai da lemon tsami, ya haɗa maka da gurasa da ɗa'amiyya mai zafi, wato ƙosansu, ka ƙoshi har azahar da ɗan canjin aljihu. Da rana ga kushari, shinkafa da taliya da adas, wani ƙanƙanin wake, da soyayyar albasa a kwano ɗaya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1987 yake aiki, zai kai ka daga wannan bakin gari zuwa wancan. Masallacin Azhar da na Husaini da kasuwar Khan Khalili duk a ƙafa za ku zaga su. A watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dalar Amurka, shi ya sa baƙo yake jin sauƙi. Ita kuwa sefa, kuɗin Kwatano, a ɗaure take da yuro, kusan 656 a yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira ce take faɗuwa a gabanta.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka, amma ka fara lissafi daga tsakiya. Ka fara da kwanon wake, ka tsallake yadda za a isa wajen mai waken. Malam da iyalinsa mutum biyu ne. Tikitin jirgi biyu, zuwa da dawowa, kuma da dala ake auna shi ko da naira ka biya. Biza biyu. Fasfo biyu, wanda tun Satumban 2025 ƙaramin ma naira dubu 100 ne kowane ɗaya. Kafin su ɗanɗana gurasar da kake yabo, adashin ya ƙare. Ni shekara goma sha ina zuwa Kwatano da Lome saro kaya, ban taɓa neman biza ba, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu kwana 90 a ƙasashen juna.

Ɗalibin Azhar: Hajiya, ban musa tikiti ba. Amma ki faɗa wa Malam gaskiyar sefa. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, farkon 2024 ta haura 1,500. Sefa ma haka ta yi wa naira tsada. Wanda ya san Kwatano a da, in ya koma yanzu da naira a hannu, ba zai gane ta ba.

Hajiya Mai Atamfa: Wannan kam gaskiya ne, ba zan ɓoye ba, mu muka fi kowa jin jiki. A da in na canji kuɗi a Zongo na Kwatano, hannuna cike nake fita. Yanzu sai ka miƙa dami a ba ka 'yan takardu ƙalilan. Amma duk da haka kuɗin motar Kano zuwa Legas da na Legas zuwa iyakar Seme bai kama ƙafar tikitin jirgi ba. Kuma akwai abin gani wanda ba ya cin kuɗi. Ka hau zem, 'yan acaɓarsu masu riga ruwan ɗorawa, ya zaga da ku kasuwannin gari, wuni guda ba ku gama su ba. Ga Ganvie, gari ne sukutum a kan ruwan tafkin Nokoue, gidaje a kan turaku, mata suna cin kasuwa a cikin kwale-kwale. Ranar da na fara zuwa na ga yarinyar da ba ta wuce shekara takwas ba tana tuƙa kwale-kwale ita kaɗai, da ƙaninta zaune a gaba riƙe da jakar makaranta. Har yau ina ganin yarinyar nan a idona. Ga Wida kuma, inda aka gina ƙofar tunawa da bayin da aka loda a jiragen ruwa.

Alhaji Direba: Hajiya, a yi min afuwa in sa baki. Na yi shekaru ina jan mota a hanyar nan. Kano zuwa Legas wajen kilomita dubu ce, kwana ake yi a zaune. Ke kin saba, kuma neman kuɗi ne ya fitar da ke. Shi Malam hutu zai kai iyali. Daga Legas zuwa Accra bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ce, Seme da Hilakonji da Aflawo, kuma tsakaninsu shingaye ne ba adadi. A takarda kyauta ne, a ƙasa kuwa kowane tsayi sai an nemi wani abu. Akwai ranar da aka tsare min fasinja kusan awa uku a wani shinge, don fasfonsa sabo ne ba a taɓa buga masa hatimi ba, wai sai ya biya na farko. Matarsa tana zaune a mota da jariri yana kuka. Wannan ma kuɗi ne, kuma ba ya cikin lissafin kowa.

Hajiya Mai Atamfa: Haka ne Alhaji. Shi ya sa nake cewa ya riƙe takardunsa cif, musamman katin rigakafin shawara, don shi aka fi fakewa da shi. Kuma ya shiga babbar motar kamfani mai wucewa kai tsaye, su suke tattara fasfo su shiga da su.

Maman Sadik, Kumasi: Salamu alaikum, bari mu na Ghana mu yi magana tunda an ambace mu. Ɗalibi bai yi ƙarya ba a kan Accra. Otal a can yana da tsada, mu kanmu in muka je sai mun yi tunani. Amma wa ya ce baƙo daga Kano sai ya kwana a otal? A Nima da Sabon Zongo a Accra, da zangonnin Kumasi, Hausa ake yi. Kakanninmu fataken goro ne suka bi hanyar Gwanja da Salaga suka zauna. Da asuba koko da ƙosai ne a bakin masallaci, wake da shinkafar da duk Ghana take ci ma sunanta daga bakinmu ya fito. In Malam yana da wanda ya sani, ko ya zo da sallama daga wani malami, ɗaki ba zai gagara ba. Daga nan ya je Elmina ya ga ginin da Turawan Fotugal suka yi a 1482, ko ya hau arewa ya ga masallacin ƙasa na Larabanga. Ni dai abin da na sani, masauki shi ne rabin kuɗin tafiya.

Ɗalibin Azhar: To ai Mama, in batun masauki ne, mu ma a nan akwai ɗalibai 'yan gida da yawa a unguwannin Madinatu Nasr, baƙo ba ya rasa wajen kwana.

Maman Sadik, Kumasi: Da matarsa zai zo, ɗana. Ɗakin ɗalibai maza ba wajen saukar iyali ba ne.

Malam Mai Ritaya: Na bi maganar tun daga sama, kuma ina ganin kowannenku yana riƙe da gefe ɗaya na tabarmar. Kuɗin tafiya iri biyu ne. Akwai wanda ake biya sau ɗaya, ko kwana biyu za ka yi ko wata shida: fasfo, biza, tikiti. Akwai kuma na kullum: ci, kwana, zirga-zirga. Masar tana da nauyi a na farko, tana da sauƙi a na biyu. Kwatano da Accra akasin haka. Ɗalibinmu shekara huɗu ya yi, tikitinsa ya narke a cikin kwanaki fiye da dubu, dole ya ga arha. Baban Walida kwana goma zai yi, tikitin zai zauna masa a wuya yadda yake.

Sannan jerin da ka karanta, Malam, ba don kai aka rubuta shi ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai don na ga yaranmu da yawa sun ruɗu da shi. Mutumin da yake karɓar albashi da dala ko fam, yana riƙe da fasfon da ake buɗe wa ƙofa, shi ne yake cewa Nefal arha. Nefal tana ba yawancin duniya biza a filin jirgi, amma ta cire wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya da Ghana da Kamaru. Indonesiya ta sa Najeriya cikin 'yan ƙasashen da sai an yi musu bincike na musamman kafin a ba su biza. Ƙasar da ta buɗe mana ƙofa kuwa, irin Ruwanda da ba ta karɓar kuɗin biza daga 'yan Afirka na kwana 30, jirgin zuwa can ne zai cinye ka. Na taɓa ba wani ejan kuɗi ya nema wa ɗan ƙanwata bizar wata ƙasar Asiya, wata biyar muna bin sa, ba biza ba kuɗi. Yaron har ya sayar da babur ɗinsa.

Ɗalibin Azhar: Baba, na karɓi wannan rabe-raben, kuma ban yi tunaninsa haka ba. Amma ina nan a kan cewa in mutum zai yi wata guda ko fiye, Masar za ta rama masa kuɗin jirginsa. Kuma akwai abin da ba a auna shi da kuɗi. Mutum ya tsaya a gindin dalar Giza, ko ya yi sallah a masallacin da ya haura shekara dubu.

Malam Mai Ritaya: A wata guda ban ja da kai ba. Sai dai ka tuna masa cewa a wuraren tarihi na Masar kuɗin shigar baƙo daban ne da na ɗan ƙasa, kuma ya ninka shi sau da yawa. Kai katin ɗalibi kake nunawa a rage maka.

Ɗan Damagaram: Ni mamaki nake yadda aka zaga Masar da Ghana, ba wanda ya dubi bayan gida. Malam, daga Kano zuwa Damagaram bai kai kilomita 250 ba. Ka bi ta Daura, ka ƙetare a Kwangwalam, ka wuce Matamaye, in ka yi sammako a can za ka yi la'asar. Wata ƙasa ce, da tutarta da kuɗinta, kuma ba ka buƙatar tafinta. Damagaram ita ce babban birnin Nijar a zamanin Faransa har 1926 kafin a mayar Yamai. Ga fadar Sarki, ga unguwar Birni da gidajen ƙasa masu zane a fuska, ga manyan duwatsu a tsakiyar gari, ga ragowar ganuwa ta zamanin Sarki Tanimun. Ranar Alhamis ku shiga kasuwar Dole, Hajiyarka ta ga aikin dukawa, ku sayi kilishi. Abu ɗaya za ka koya, lissafinmu. In mai kaya ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, don dala ɗaya sefa biyar ce. In ya ce jikka, sefa 1,000 ce. Baƙi daga Najeriya a nan suke rikicewa.

Alhaji Direba: Hanyar Daura na san ta, ta fi ta Legas sauƙi nesa ba kusa ba. Amma Nijar ta fita daga ECOWAS tun Janairun 2025, ita da Mali da Burkina Faso. Yaya maganar takardu?

Ɗan Damagaram: Mun fita, Alhaji, gaskiya ne. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka sake buɗe ta Najeriya a Maris na 2024, mutane suna shiga suna fita. Shawarata ya zo da cikakken fasfo, kada ya dogara da ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS kaɗai, kuma ya tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a makon da zai taso. Ya tsaya Damagaram da kewaye. Agadas tana da kyau, hasumiyar masallacinta ta ƙasa ta kai mita 27, amma ba zan tura mai iyali doguwar hanya irin wannan ba a yanzu.

Hajiya Mai Atamfa: Ita ma sefa ce a can, kada a manta. Tsadar canjin ɗaya ce da ta Kwatano.

Ɗan Damagaram: Ɗaya ce Hajiya, amma kuɗin mota kaɗan ne, kuma ɗakin baƙi a gidanmu a buɗe yake, da makewayinsa daban.

Baban Walida: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa maiɗakina duk abin da kuka rubuta. Da na zo kan yarinyar nan mai kwale-kwale sai ta ce in maimaita, ita teku take so ta gani, ba ta taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba. Ni kuma zuciyata tana Damagaram saboda aljihu da gajeriyar hanya. Masar sai dai in Allah ya kawo wata kwasar. Fasfo dai ko ina za mu je sai an yi shi, don haka gobe da shi zan fara. Hajiya, katin shawarar nan, kwana nawa kafin tafiya ya kamata a yi allurar?

Hajiya Mai Atamfa: Aƙalla kwana goma kafin ku tashi, sai bayan nan katin yake fara aiki. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Ku yi tare da fasfon, ku ajiye su a jaka ɗaya.