Musayar Waƙa: Ɗan Jarida Idon Talaka Ne Ko Ɗan Amshi?

Baba Mai Rediyo:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau 3 ga Mayu, ranar 'yancin 'yan jarida da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1993. Ga tawa, mai iyawa ya amsa.

Da sunan Ta'ala nake fara zance,
A kan masu bin diddigin gaskiya.
Idan ka yi zaɓe ka koma gidanka,
Su wa za su je can su kai tambaya?
Jarida tana bin sahun kwangiloli,
Ta ce ga kuɗin, to ina rijiya?
Ku duba Amurka, da Nixon ya sauka,
Rubutu ya tona shi duk duniya.

Don yaran zaure: badaƙalar Watergate ke nan, wadda jaridar Washington Post ta bi har Shugaba Nixon ya yi murabus a 1974.

Sarkin Shakka:
Ina gaisuwa Baba, amma da sauƙi,
Yabo in ya zarce ya zam dariya.
Gidan rediyon nan da kake saurare,
Na attajirin da ke neman kujera ne tun jiya.
Wata da watanni babu albashi,
Ambulan ta iso, ina ƙarfin zuciya?
Wanda ya ci ladan kuturu, Baba,
Askin dole ne, ba batun kunya.

Autar Zaure:
Yaya, ka gama da su! A kawo ruwa a yayyafa wa Baba.

Malam Aruli:
Dakata, Auta. Baba ya ɗora tasa a karin waƙa na Mutaƙarab, kowane ɗango na biyu gaɓa 11 ne cif. Ɗangon Sarkin Shakka na huɗu gaɓa 16 ne. Wannan ai ba amsa ba ce, sanarwa ce.

Sarkin Shakka:
Malam, ana maganar cin hanci kana ƙidayar gaɓa.

Gwaggon Zaure:
Ɗana, in duk ambulan ta saye su,
Me ya sa masu mulki ke tsoron su?
Wasu bam aka kai musu har gidansu,
Wasu an ƙone su cikin motarsu.

Dele Giwa na mujallar Newswatch nake nufi, 1986, da Norbert Zongo na Burkina Faso, 1998. Ka taɓa jin an aika wa ɗan amshi bam?

Mai Kallo:
Allah ya ja kwana, Gwaggo! Ina Autar da ke neman ruwa? Ta kai wa yayanta.

Autar Zaure:
Kai kullum bayan manya kake, ko baiti ɗaya ba mu taɓa gani daga gare ka ba.

Sarkin Shakka:
Gwaggo na rusuna, ban musa ba,
Mazaje ne su, ba su sayu ba.
Amma Ruwanda, ba ki manta ba,
Rediyo ke kiran sunan waɗanda ba za su kwana ba.

Tashar RTLM, 1994. Su ma da makirufo suka yi aikinsu.

Malam Aruli:
Ga shi kuma. Ɗangon ƙarshe ya sake tsere wa 'yan'uwansa. Sannan amsa-amon "ba, ba, ba" ai sauƙi ka nema, korarrun jimloli da yawa da shi suke ƙarewa. Gwaggo ma da "su" ta fake, girma ne ya sa na yi shiru.

Gwaggon Zaure:
To ai ba ka yi shirun ba, Malam.

Mai Kallo:
Malam, aruli, ilimin awon waƙa, na Larabawa ne. Makaɗanmu da kunne suke aunawa.

Malam Aruli:
Da kunnen na auna, shi ne ya yi tuntuɓe. Rera ɗangon da numfashi ɗaya ka turo mana murya.

Baba Mai Rediyo:
Ku yi haƙuri, na je masallaci na tarar kun cika zaure. Ɗana Shakka, karɓi:

Ka ce rediyo ya yi ɓarna, na yarda,
Na 'yan fada ne, ba na mai tambaya.
Idan murya ɗai ce ake ji a birni,
A nan ƙarya kan hau gadon gaskiya.

Gida goma in suna gasa, attajiri ɗaya ba ya sayen bakinsu duka. Wanda aka toshe wa baki, maƙwabcinsa ne zai tona shi.

Sarkin Shakka:
Murya dubu kake so, ga ta a waya,
Kowa edita ne, ba mai tantancewa.
Baba da kansa ya turo mana jiya,
Saƙon muryar da ba a san mai shi ba, sai yaɗawa.

Autar Zaure:
Wayyo! Na maganin nan ne ko na zaɓe?

Baba Mai Rediyo:
Na zaɓen ne, kuma rubuta "a bincika" na yi a kansa. Kai da ka bincika, a wace jarida ka gano ƙarya ne? Faɗa wa zaure sunanta.

Malam Aruli:
Kafin ya faɗa, "waya" da "tantancewa" ba su haɗu ba. Ya koma ya gyara.