Yaya kantuna suka fara a Ƙaura Namoda, kuma me ya kashe su?

Ɗan Zamfara:
Assalamu alaikum. Dattawa na yawan ambaton zamanin kanti a Ƙaura Namoda. Ina roƙon masana su fayyace mana: yaushe abin ya fara, yaya ake cinikin, kuma ta yaya shagunan tireda suka gaje shi?

Malam Na-Tasha:
Wa alaikumus salam. Jirgin ƙasa ne ya kawo kanti. Dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura a 1929. Kafin nan sai ranar kasuwa da 'yan koli da fatake: gishiri da kanwa daga Azbin a kan raƙuma, goro daga Gwanja a kan jakuna.

Kamfanonin da suka riƙe harkar a Arewa su ne UAC, wanda shi ma a 1929 aka kafa shi, da John Holt, G.B. Ollivant, PZ, da na Faransa, CFAO da SCOA, sai Kwarori, wato 'yan kasuwar Labanan da Siriya, a bayansu. Kusa da tasha ake yanka musu fuloti, ba cikin tsohon gari ba. Ginin kusan iri ɗaya ne ko'ina: rufin kwano, kanta a gaba, sito a baya, sikeli a baranda. Wannan sikelin shi ne zuciyar kantin, domin sayen gyaɗa da auduga da fatu ya kawo su. Sayar da akoko, alawayyo, atamfa, kananzir, sabulu, ashana da kwanukan sha hanya ce ta maido da kuɗin da suka biya manomi.

Baba Mai Sikeli:
Malam ya faɗi gaskiya. Ga yadda kuɗin ke zagayawa. Kafin kaka kamfani zai ba babban dillalinsa kuɗi a gaba, kamar yadda UAC ta riƙa yi da Alhassan Ɗantata a Kano. Dillali ya rarraba wa yaransa, su shiga ƙauyuka suna awo da mudu ko tiya, a ɗora wa jaki ko raƙumi zuwa baranda. A nan za a tankaɗe, a auna, a ɗinke buhu. Manomi ya fara cire kuɗin haraji, ragowar ta tafi kan turmin atamfa, yadi 6, da gishiri da fitila.

Wuri uku ake karyewa. Gyaɗar da ba ta gama bushewa ba tana da nauyi ranar awo, bayan mako biyu ta sauka, asarar kuwa a wuyan dillali take. Wadda aka ɓare a turmi tana farfashewa, darajarta ta faɗi, shi ya sa daga baya aka matsa wa mutane su koma injin ɓara na hannu. Na uku, yaron da ya ci kuɗin ya yi aure da su. Bashi ɗaya irin wannan kan rufe baranda. Daga an yi shuka kuma ciniki ya mutu sai wata kaka.

Hajiya 'Yar Kasuwa:
Baba, ku ƙara da masu tebur, don su ne suka kai kayan kanti cikin gidaje. Kanti ba ya sayar da kananzir na taro, wato na kwabo 3. Garwa yake sayarwa, galan 4, galan kuwa kwalba 6 ne, wato kwalba 24 a garwa. Mai tebur ya ɗauki garwa ya sayar kwalba-kwalba, har rabi da kwata, sannan ya sayar da garwar kanta ga mai ga-ruwa ko maƙerin fitila. Sau da yawa a wannan garwar ribar take, tunda zuba da tsiyaya sun cinye kusan kwalba guda. Haka sukari ƙwaya-ƙwaya, taba kara-kara, sabulu a yanka sanda gida-gida. Matan kulle kuma su sara su ba yara talla.

Lissafin da fam da sule ake yi: sule 20 fam guda, kwabo 12 sule guda, sisi kwabo 6, taro kwabo 3. A 1973 aka koma naira, fam ya zama naira 2.

Malam Na-Tasha:
Kan mutuwar kantunan, wasu na ɗora laifin duka kan dokar 1972 da ta mayar da ƙananan cinikayya hannun 'yan ƙasa. Ban yarda ita kaɗai ba ce. Gyaɗar ce ta fara tafiya: fari ya yi ɓarna a 1973, cutar da ƙwari ke yaɗawa ta cinye amfanin 1975, sannan aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Manyan motoci kuma sun ƙwace dako daga jirgi, zama kusa da tasha ya daina amfani.

Mai tireda na yau jikan mai tebur ne. Yana saro katan daga Gusau ko kasuwar Singa ta Kano da kuɗi hannu, ya sayar ƙulli-ƙulli ga maƙwabta da 'yan'uwa waɗanda ba zai iya hana bashi ba. Idan bashin ya yi wata biyu a littafi farashi kuma ya tashi, kuɗin da aka biya shi ba zai sake sayen katan ɗin da ya bayar ba. Wanda ke son ganin tsofaffin gine-ginen ya fara dubawa ta gefen tasha, ya tambayi dattawan da suka yi dako ko awo, don su ne suka san wane sito na wane kamfani ne.